Batirin da Ke Cikin Kaset

A Morioka, bayan tashar jirgin ƙasa,
akwai shagon da bai fi rumbun takalma girma ba.
Tsoho Maekawa ke ciki, tabarau biyu a kan hanci,
yana gyaran abin da duniya ta gama yayinsa.
Na miƙa masa kaset ɗin, a naɗe cikin safa.

Ya juya shi, ya hure ƙurar bakinsa.
"Na uku ne a jerin," ya ce. "Na biyu ya fi shi kiɗa,
amma a wannan aka fara barin yaro ya ƙera ɗan kokawarsa.
Shekara talatin da ɗaya!
Batirin nan ya ci a ce ya mutu tun kana sakandare."

Bai mutu ba. Mutum goma sha shida ke ciki,
kuma yayana Kiyoharu ne ya ƙera su duka,
dare bayan dare, ƙafafu a ƙarƙashin teburin ɗumi,
yana ɓare lemo da hannu ɗaya.
Ga mai kifin layinmu, ƙaton tumbi da jan wando.
Ga malamin lissafi, wanda bai iya komai ba sai shaƙe wuya.
Ga babanmu da tawul a kafaɗa,
ƙarfin bijimi, numfashin ɗan tsako,
don haka yake in ya hau bene.
Ni ma ina nan. Ya rufa mini koriyar fuska,
ya raɗa mini suna Kwaɗo.

Wasan ba ya son gaggawa.
Na yi ta dukan madanni kamar mai kashe gobara,
ina shan kaye.
"Dakata," in ji shi. "Ku riƙe juna tukuna.
Bari gwiwa ta lanƙwasa. Yanzu!"
Dannawa ɗaya tak, a daidai ƙiftawar ido.
Sai da na shekara kafin na ɗaga shi sama,
ya yi ta dariya har mamanmu ta buga bango.

Yana da ashirin da huɗu
ruwan sama da babur suka raba mu a hanyar Miyako.
Mai kifi ya bi shi. Malamin ma. Baba, bara.

"Zan jona sabo kafin in ɓalle tsohon," in ji Maekawa.
"In hannuna ya yi rawa, sun tafi ke nan.
Ka yarda?"
Na gyaɗa kai. Bakina ya bushe.
Hayaƙin dalma ya tashi siriri,
dusar ƙanƙara na sauka a kan kekunan waje,
ni kuwa ina ƙirga a zuci kamar alƙalin wasa
mai dukan dandamali da tafi.
Ɗaya.
Biyu.

Ya cusa kaset, ya kunna tsohuwar talabijin.
Allo ya yi baƙi, ya daɗe a baƙi,
sai ga kiɗan nan mai kama da kukan gyare.
Sha shida. Babu wanda ya ɓata.

"Wannan zai kai shekara ashirin," ya ce yana goge hannu.
"Ni ba zan kai ba. Ka fara neman wani."

Na ɗauki Kwaɗo, na bar wa na'ura Kiyoharu,
ta motsa shi yadda ya tsara wa kansa tun yana sha huɗu:
ya ja da baya, ya yi numfashi, ya yafito ni da hannu.
Na yi gaggawa, kamar kullum.
Ya ɗaga ni, ya maka da ƙasa, ya danne.
Alƙali ya durƙusa. Ɗaya. Biyu.
Na cira kafaɗa kafin uku.
Na san ba zan ci ba,
so nake dai kada a kaɗa ƙararrawa tukuna.